Darasin Fashaga: A San Iyaka Da Hanyar Ruwa Kafin A Haƙa Harsashi

Duk mai sauraren labaran duniya a rediyo ya taɓa jin sunan Fashaga, ko da bai san inda take ba. Yanki ne a gabashin jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, daf da iyakar Habasha, inda kogin Atbara da kogin Sitit suke ratsawa kafin su haɗe. Ƙasa ce baƙa mai albarka, ana noma dawa da riɗi a cikinta da motocin noma, amma ba a cika ambaton sunanta ba sai an yi harbe-harbe. Mu dai abin da ya kai hankalinmu can a yau batun gini ne. Abubuwa biyun da suka fi jefa mai sabon gida cikin nadama, wato iyakar da ba a tabbatar ba da ƙasar da ba a fahimci halinta ba, duk sun taru a Fashaga, kuma sun fito fili yadda kowa zai iya gani.

Ba baƙon wuri ba ne a wajen Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa mahajjatanmu ke bin hanyar ƙasa zuwa Makka, wasu su yada zango don neman guzuri, zangon kuma ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ƙaru a can, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno, zuriya kuma ta bazu har Gadarif da Kasala da bakin kogunan gabas. Don haka idan muna maganar wanda zai kafa gida a Shuwak ko a ƙauyukan da ke kewaye da ita, muna maganar ɗan'uwanmu ne, kuma matsalarsa ba ta da nisa da ta mai sayen fili a bayan Kano ko Maraɗi.

Bari mu fara da babbar iyakar. A ranar 15 ga Mayu 1902 Turawan Ingila, waɗanda ke riƙe da Sudan a lokacin, suka ƙulla yarjejeniyar iyaka da Sarkin Habasha Menelik na Biyu. A 1903 wani hafsan sojan Ingila mai suna Manjo Gwynn ya bi layin yana sa alamu. Tun daga nan Habashawa ke cewa shi kaɗai ya yi awonsa, babu wakilinsu a wurin. A 1972 gwamnatocin biyu suka yi musayar takardu, suka amince a sake bin layin a kafa alamu, a kuma nemi hanyar lumana game da manoman da suka riga suka tsallaka. Aka rubuta, aka sa hannu, amma turakun ba su shiga ƙasa ba. A 2008 sai aka yi irin sulhun nan da muka saba yi a zaure: Habasha ta yarda ƙasar ta Sudan ce, Sudan kuma ta yarda manoman Habasha su ci gaba da nomansu. Kowa ya tafi gida yana ganin an kashe wutar.

To, mutanen da suka yi wannan fahimtar ba su dawwama ba. Meles Zenawi ya rasu a 2012, aka tumɓuke Umar al-Bashir a 2019. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a watan Nuwamba 2020, sojojin Sudan suka shiga suka karɓe mafi yawan gonakin, manoman da suka shekara da shekaru a wurin suka bar abin da suka shuka, aka yi asarar rayuka daga ɓangarorin biyu. Ba mu da niyyar yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya, wannan aikin masana dokar ƙasa da ƙasa ne. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne yadda abin ya faro: an yi awo babu maƙwabci a wurin, an ɗage kafa alama saboda ana zaman lafiya, sannan aka dogara da mutuncin shugabannin da wata rana za su gushe. Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan, lokacin da masunta da manoma suka riƙa bin ruwan tafkin Cadi yana ja da baya suna kafa garuruwa irin su Darak, har hukuncin kotun duniya na 2002 ya tabbatar da cewa wurin na Kamaru ne.

Yanzu a cire sunan Sudan da Habasha a sa sunan magidanta biyu, za a ga labarin da kotunanmu suka gaji da saurare. Mutum ya sayi fili, dillali ya taka da ƙafa ya ce daga wancan kurna zuwa wannan suri. Maƙwabci ba ya nan, ko kuwa yana nan amma ana jin nauyin kiransa, kada ya ce ana zarginsa. Aka yi shekara goma ba a yi gini ba. Kurnar aka sare ta, surin ruwa ya cinye. Maƙwabcin ya ɗan faɗaɗa dangarsa don ya ɗaure awaki, mai fili ya gani ya yi shiru, ai ana tare. Ranar da dattawan biyu suka kwanta dama, 'ya'yansu da ba su ga ciniki ba su ne za su tsaya a gaban alƙali, kowa da rantsuwarsa, kuma abin takaici kowa ya yi imani shi ne mai gaskiya. Kunya hali ne mai kyau, amma a sha'anin iyaka ita ce ke tara wa magada faɗa. Addini ma bai bar wannan ga kunya ba, domin gargaɗin da ya zo kan cin taƙi ɗaya na ƙasar wani da kan sauya alamar iyaka sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami.

A Sudan akwai ƙarin wata matsala wadda ya kamata 'yan'uwanmu su fahimta da kyau. Dokar rajistar ƙasa ta 1925 ba ta kai ko'ina ba, ta fi tsayawa a manyan garuruwa da bakin kogin Nilu. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma ko da dokar mu'amaloli ta 1984 ta maye gurbinta, ba ta kawar da wannan tushe ba, sai dai ta amince da haƙƙin amfani ga wanda ke zaune a wuri. Ma'ana, mafi yawan gidajen ƙauye abin da suke riƙe da shi shi ne abin da ake kira hiyaza, wato shaidar cewa wuri na hannunka, wadda ta bambanta da shahadar bahsi da ofishin rajista ke bayarwa ga filin da aka auna aka shigar a littafi. Takardar shehin ƙauye ko ta umda tana da amfani, kamar dai takardar mai unguwa ko dagaci a nan wajenmu, amma duk wanda ya san bambancin awon igiya da awon gwamnati a Kano ya san inda ƙarfin kowace ya tsaya.

Wannan bambanci ba ya nuna kansa sai ranar da babban abu ya taso. An gina madatsun ruwa biyu a yankin, Rumaila a kan Atbara da Burdana a kan Sitit, aka buɗe su a 2017. Ruwa ya mamaye garuruwa da gonakin bakin kogi, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin ƙauyukan da aka ba su lamba maimakon suna. Ɗaya daga ciki, Ƙauye na 8, shi ne ya karɓi 'yan gudun hijirar Tigray a ƙarshen 2020. Ranar rabon diyya irin wannan, tsawon zamanka a wuri da shaidar tsofaffi ba sa yin nauyin takardar da ke ɗauke da awo. Haka nan ba mu manta da abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a 2022 ba, inda rikici kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu ya ci ɗaruruwan rayuka. Takarda ba ta hana fitina idan ta zo, amma al'ummar da ake iya ce mata baƙuwa bayan shekara ɗari ita ce ta fi kowa buƙatar kowane gida nata ya shiga littafin hukuma. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya turo ɗimbin jama'a jihar Gadarif, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara. A duk inda aka sami irin wannan cunkoso fili kan yi daraja, a yi ciniki cikin gaggawa, kuma gaggawa ita ce abokiyar mai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Sai mu zo ga ƙasar kanta, wadda a ganinmu ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mai gini zai kwana yana lissafin bulo da siminti da kwano, amma ba zai ɗauki awa ɗaya ya tsaya a filinsa ana ruwan sama ya ga inda ruwan ke bi ba.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, irin wadda mutanen Borno ke kira firki, ana kuma samun irinta a wajejen Numan da wasu sassan Gombe. Manomi na son ta domin tana riƙe ruwa. Magini kuwa ya kamata ya ji tsoronta. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke ta dare, har hannu ya shige cikin tsagar. Gida mai nauyi idan ya zauna a kanta, kowace shekara sai ta ɗaga shi ta sauke, kuma ba daidai take ɗagawa ba: gefen da ruwa ke taruwa ya fi tashi, tsakiyar ɗaki da ke rufe ta yi nata motsin daban. Shi ya sa za ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa da damina ta saki da rani, daɓe ya yi tozo. Mai gida ya zargi birkila, ya sayo siminti ya toshe, baɗi ta sake buɗewa a wuri ɗaya. Waɗanda ke yi wa guɗɗiyya dariya, wato bukkar ciyawa mai tsinin kai da Gadarif ta yi suna da ita, ba su lura cewa tana da hikimarta ba. Ba ta da nauyi, ƙasa na motsi tana bin ta. Illarta gobara, kuma muna fahimtar duk wanda ke son ya fita daga cikinta ya shiga ginin bulo. Amma ginin bulo a kan wannan ƙasa yana da sharuɗɗan da ba a yi musu ragi.

Injiniyoyin Sudan sun daɗe da sanin maganin. Ko dai a kwashe lakar da ke ƙarƙashin ginin a maye gurbinta da tsakuwa da yashi ko marmara, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, ko kuma a haƙa ramuka masu zurfi a zuba ginshiƙan kankare da rodi har su wuce inda damina da rani ke taɓawa, a ɗora bim a kansu, a bar 'yar tazara tsakanin bim ɗin da ƙasa don idan ta kumbura ta sami wurin numfashi. Duka biyun da tsada. Amma akwai abin da ko talaka zai iya: daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya ko fiye kewaye da gini, mai gangara zuwa waje, indararo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango, masai da wurin wanka da randa su yi nesa da harsashi, kada a dasa darbejiya jikin katanga, domin saiwarta na tsotse ruwan gefe ɗaya ta bar ɗayan. Gaba ɗaya dabarar ita ce kada wani gefen gidan ya fi wani jiƙa. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya gina ɗaki biyu a kan harsashin kirki da ya gina biyar a kan na ganin dama.

Wannan ke nan a shimfiɗaɗɗen wuri. Idan aka matso bakin Atbara da Sitit kuwa, sai a tarar da abin da mutanen wurin ke kira karab: ƙasa mai tudu da kwari, zaizaya ta yayyanka ta, kwazazzabai sun ratsa ko'ina kamar an ja ta da farce. Kan kwazazzabo ba ya tsayawa inda ka gan shi bana, kowace damina sai ya ci gaba ya shigo cikin tudu. Ƙasar da koguna ke kwasowa daga irin waɗannan wurare da kuma tsaunukan Habasha ita ce ta cinye babban kaso na cikin madatsar Khashm al-Girba da aka gina a 1964. Idan zaizaya za ta iya yi wa madatsar gwamnati haka, ina ga katangar mutum ɗaya? Filin bakin karab yakan yi araha, kuma arahar tana da dalili.

A nan ne batutuwan biyu suke haɗuwa, kuma shi ne abin da muke ganin mutane ba su cika lura da shi ba. A ƙasa mai gangare, maganar iyaka maganar ruwa ce. Wanda ke sama ya cike filinsa ya ɗaga shi, ya huda rariya ta ɓangaren da ya fi masa sauƙi, ruwan ya sauka gindin bangon na ƙasa. Na ƙasa ya ga haka ya ja katanga ya toshe, ruwan ya koma ya kwanta a tsakar gidan na sama ko ya fasa ta lungu ya cinye hanya. Babu wanda ya ci taƙi ɗaya na wani, amma an shiga haƙƙi, kuma a baƙar laka ruwan da ka tura wa maƙwabci shi ne zai tsaga masa ɗaki. Haka kuma idan iyakarku wani ɗan kwari ne, to ku sani iyakarku tafiya take yi. Bana ta ci naka, baɗi ta ci nasa. Turken da aka kafa sama-sama a laka shi ma yakan karkace ko ya faɗa tsaga, ba tare da kowa ya taɓa shi ba, sai a wayi gari ana zargin juna da abin da ƙasa ta aikata.

Har awon ma gangare na ruɗa shi. Safiyo, ko massahi kamar yadda ake ce masa a can, yana auna fili ne a miƙe kamar an shimfiɗa shi a faifai. Mai igiya kuwa yana bin tudu da kwari, don haka igiyarsa takan nuna tsawon da ya fi na gaskiya. Mita 20 a kan gangare ba ta kai mita 20 a takarda ba. Bambancin kan zama kamu ɗaya ko ƙasa da haka, amma kamu ɗaya ya isa a ce katangarka ta hau filin wani, ko ɗakinka ya ci hanya. Kuma auna gefe huɗu kawai bai isa ba, sai an ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta nan da ta can, an ga sun yi daidai, in ba haka ba fili na iya cika awo ta kowane gefe alhali a karkace yake.

Saboda haka shawararmu ga mai niyyar gini, a Shuwak yake ko a Rijiyar Zaki, ita ce ya jinkirta sayen bulo har sai damina ɗaya ta wuce a kan idonsa. Ya je filin ana tsakiyar ruwa, ya je kuma washegari ya ga inda ya kwanta. Ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya kai a shekarar da aka fi yin ambaliya, ya duba bangon maƙwabta ya ga irin tsagar da ke jiki. Siririn tiyo mai nuna ruwa, irin wanda magina ke gwada daidaito da shi, ya isa ya nuna masa ko bambancin tudu da gangaren filin taƙi biyu ne ko ya kai ƙugu, domin ido na yaudara. Idan gangaren da yawa, a yi harsashi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa ya zauna a kan ƙasar asali. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sare tudu a zuba a kwari, a ɗora rabin gida a kan tsohuwar ƙasa rabi a kan sabon ciko. Cikon zai zauna, gidan ya rabe daidai inda suka haɗu. Duk katangar da za ta tare ƙasa a bar mata ƙananan kafofi, don ruwan da ya taru a bayanta ya sami mafita kafin ya ture ta.

Ranar kafa turaku kuwa, a yi ta kamar ranar ɗaurin aure. A kira maƙwabta na kowane gefe, a kira shehi ko mai unguwa, a kira ma'aikacin awo idan ana iya samunsa. A kafa turakun kankare masu zurfi, a auna nisan kowanne daga wani abu da ba ya motsi, a rubuta. A cikin takardar a faɗi ta inda ruwan kowane gida zai fita da wanda zai gyara magudanar idan ta toshe. A sa matasan gidajen biyu su tsaya su gani, su ma su sa hannu, domin su ne za su gaji zaman. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, babu dalilin da zai sa a tashi ba a ɗauki hoton kowane turke da mutanen da suka shaida ba. Wanda ya ji haushi don an kira shi shaidar iyaka, gara a ga haushin nasa yau da ana iya gyarawa da fatar baki.

Amma ba za mu ɗora wa talaka dukkan nauyin ba. Mutum ba zai yi rajistar da babu ofishin yin ta kusa da shi ba, ko wadda kuɗinta ya fi kuɗin filin. Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya tun dokar karkara ta 1993, inda aka kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye masu ba da takardar shaida. Ba ta rasa nata matsaloli ba, amma ta kawo hukuma kusa da mai gona. A Nijeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, sai dai unguwanni na tashi da awon igiya shekaru kafin hukumar tsara birni ta leƙo, in ta zo kuma da jan fenti take zuwa. Muna kira ga hukumomin jihar Gadarif, da namu na nan gida, su riƙa riga masu gini isa wuri: a auna, a fitar da hanya da magudanar ruwa tun fili na fili, a shata tazarar da ba a yarda kowa ya yi gini ba daga bakin kwazazzabo, a kuma sauƙaƙa mayar da hiyaza cikakkiyar rajista. Shugabannin Hausawan Sudan, waɗanda suka nuna a 2022 cewa suna iya tara jama'a a Gadarif da Kasala da Khartum, muna ganin za su iya tara su a kan wannan ma, ƙauye bayan ƙauye, a haɗa kuɗi a ɗauko ma'aikacin awo ɗaya ya yi wa kowa aiki a lokaci guda, tunda hakan ya fi araha a kan kowa ya je shi kaɗai.

Ga Khartum da Addis Ababa kuwa, alƙawarin sake kafa alamun da suka sa wa hannu a 1972 ya haura shekara hamsin yana jiran cikawa, kuma manomin da ke son kafa gida a gabashin kogin Atbara yana buƙatar sanin hukumar da zai kai wa takardarsa.